GARA TA FI 'YA'YANMU KARATU

Ina roƙon a ba ni ɗan fili in amsa wa ɗan'uwan nan da ya rubuto a fitowar da ta wuce. Shi ne wanda ya ce masu gunaguni a kan littattafan ɗakin karatunmu butulai ne, ya ce yaba kyauta tukuici, ya ce da babu gara ba daɗi. To, ni ina cikin masu gunagunin, kuma ba a ɓoye na yi ba. Ba na jin haushin ɗan'uwa, don na san da kyakkyawar niyya ya yi magana. Amma garar da ya ambata dabam, wadda na zo da zancenta dabam. Tawa ita ce mai cin takarda. Tun da yake ya kawo maganar fili, a fili za mu ƙare ta, kafin ranar taron da za a yanke shawara bisa kyauta ta biyu wadda 'ya'yanmu na ƙetare suka ce za su aiko.

Ku tuna da ranar da kwalayen nan suka iso daga Tema. An kafa rumfa, an jera kujeru, an gayyato sarakuna da limamai, an yi addu'a, an yi jawabi da Hausa an sake da Turanci. Aka tsai da yara cikin rana, kowa aka danƙa masa littafi ya rungume har aka gama ɗaukar hoto, sa'an nan aka bi su ɗaya ɗaya aka karɓe. Ni da bakina na yi jawabin godiya ran nan, saboda haka in akwai laifi ina da kasona. Da aka watse sai aka kwashi kwalayen aka kai ɗaki, waɗansu aka jera cikin kabad, waɗansu aka jingina su da bango a ƙasa ko buɗewa ba a yi ba, aka kawo kwaɗo aka datse ƙofa. Damina biyu ke nan.

Watan jiya na yi ta naci har aka ba ni aron mabuɗi na wuni guda. Jama'a, abin da na gani bai yi mini daɗi ba. Gara ta yi hanya a jikin bango ta shiga kwalayen ƙasa, ta cinye na cinyewa ta bar mana turɓaya. Na kabad kuwa danshi ya kama su, sun manne da juna, kyankyasai sun yi gida. Na zauna ina buɗe waɗanda suka tsira in ga abin da muka yi wa wannan biki. Ga manyan kundaye na sanin duniya waɗanda aka buga tun Tarayyar Sobiyet tana nan, ita da ta rushe a 1991, kuma ba su ma cika ba, akwai na farko babu na uku. Ga littafin dokokin haraji na wata jiha a Amurka. Ga na koyon waɗansu irin kwamfutoci da ko a kasuwar tsofaffin kaya ba ka ƙara ganinsu. Ga na shuka furanni a ƙasar da ƙanƙara ke zuba. Ga wani ƙato na likitoci wanda yaro ɗan aji huɗu ba ya ko iya ɗaga shi. Akwai 'yan littattafan yara masu kyau, masu hotuna, ban musa ba, amma kaɗan ne, kuma galibinsu suna cikin kwalayen da gara ta fara da su. Na duba iyakar dubawata ban ga na Hausa ko ɗaya ba, ban ga na Larabci ba, ban ga wanda ɗan Gana ya rubuta ba.

Kada wani ya ce ina zargin waɗanda suka aiko. Allah ya kiyaye. Mun san yadda suke samun kuɗin nan. Waɗansu tuƙin tasi suke yi dare da rana, waɗansu gadi cikin sanyin da ba mu taɓa ji ba, suka tsakuro daga bakinsu suka biya kuɗin jirgin ruwa, muka biya na fito da na mota. Sun tattaro abin da ɗakunan karatu na can suka fitar don su rage kaya, domin babu wanda ya gaya musu abin da ake bukata a gida. Wa ya kamata ya gaya musu? Mu. Da suka ce za su aiko da littattafai, wa ya je makaranta ya tambayi malaman aji abin da yaransu ke iya karantawa? Wa ya kira yaro ko ɗaya ya ce da shi, wane irin labari kake so? Babu. Amin kawai muka ce, muka shiga shirin rumfa.

Sai mu zo kan kwaɗo, don shi ya fi damuna. Na tambayi dalilin rufe ɗakin, aka ce ana tsoron yara su yayyaga, ko su ɗauke su kai gida su ƙi dawowa da su, in masu kyauta sun zo ziyara a ji kunya. Iyayena dattawa, da girmanku da komi, wannan dabara ba ta fisshe mu ba. Mun yi gudun yara mun faɗa wa gara. Kuma kada ku zaci mu kaɗai ne da wannan hali. A ƙasar Saliyo gwamnati ta raba wa makarantun firamare littattafai, masu bincike na Bankin Duniya suka bi sawu, suka buga abin da suka gano a 2014: karatun yara bai ƙaru ba, domin da yawa cikin shugabannin makarantu sun adana littattafan ba su ba yara ba, suna tsoron in waɗannan sun ƙare ba za a sake kawo waɗansu ba. Tsoron talaka ne, na gane shi, ni ma da shi na girma. Amma littafi ba hatsi ba ne da za a zuba a rumbu a jira bazara. Yaron da yake aji uku ran da kwalayen suka iso yanzu yana aji biyar, kuma shekarun nan biyu ba su dawowa.

Abin mamaki, mu ne mutanen da bai kamata a koya wa wannan ba. Ku shiga zauren kowane malami a zangon nan ku ce ya nuna muku Ahalarinsa ko Ishmawi ko Iziyya ko Risala. Za ku ga gefen takardun ya yi baƙi don yawan hannu, ga ƙananan rubuce-rubuce tsakanin layuka, wannan na malaminsa, wancan na malamin malaminsa. Ba wanda ke ganin wannan ya ce an ɓata littafi. Cewa ake yi littafin ya yi albarka. Kakanninmu in mutum ya yi waƙafin littafi ga masallaci, so yake a karanta har ya tsufa, don ladan yana gudana ne muddin ana amfani da shi. To, wane lada muka bar wa 'ya'yanmu na ƙetare su samu daga abin da muka kulle?

Amma a ce gobe an cire kwaɗon. Shi ke nan an gama? A'a. Ga wani labarin kuma. A yammacin ƙasar Kenya, cikin shekarun 1990, wata ƙungiyar taimako ta raba wa makarantun ƙauye littattafan aji, waɗansu masana suka auna sakamakon, cikinsu har da Michael Kremer wanda daga baya ya sami lambar Nobel a 2019. Da suka buga binciken a 2009 sai ga shi yaran da tun asali su ne kan gaba a aji su kaɗai suka ƙaru, sauran suna nan inda suke. Dalili kuwa, littattafan da Turanci suke, Turanci kuma shi ne harshe na uku ga yawancin yaran, ba su iya karanta abin da aka ba su. Ku duba fa, wannan ba hoton ɗan zango ba ne? A gida Hausa, ko kuwa Hausa da harshen kakanni, a kasuwa Tonanci, a makarantar allo Larabci, sa'an nan da safe a ce masa ga Turanci. In ka miƙa wa wannan yaro littafin da aka rubuta don ɗan Bature mai shekarunsa, ai ka ba mara haƙori ƙashi.

Akwai kuma inda kyautar littafi ta yi aiki, kada a ce mugun labari kaɗai na sani. A tsibiran Fiji, a 1980, malamai biyu, Warwick Elley da Francis Mangubhai, suka zuba wa ajujuwan waɗansu makarantun ƙauye littattafan labaru masu daɗi, kamar 250 kowane aji, daidai ƙarfin yaran, waɗanda su ma Turanci ba harshen gidansu ba ne. Aka keɓe kamar rabin sa'a kowace rana don karatun labari, a waɗansu ajujuwan malami na karantawa tare da yara, a waɗansu kowa na karanta nasa. Cikin wata takwas ci gaban karatunsu ya ninka na yaran da aka bari da darasin da aka saba. Littattafan suna cikin aji inda hannun yaro ke kaiwa, an zaɓe su don su, kuma akwai lokacin da aka yanka musu kullum. Cikin abubuwan nan uku wanne muka yi?

Yanzu ga abin da na san za a yi mini ca a kansa. Ina so cikin kyauta ta biyu a sayo littattafan Hausa. Na san amsar, don na sha jinta: a ƙasar nan ba a jarrabawa da Hausa, me yaro zai ci da ita? Gaskiya ne Hausa ba ta cikin harsunan da Hukumar Harsunan Gana ke buga wa littattafai, ko da yake gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana watsa labaru da ita. To, wannan ai shi ne hujjata. Ɗan Tonawa yana da mai buga masa littafi da harshensa, haka ɗan Ga, da na Ewe, da na Dagwamba, da na Gwanja. Harshen da ya haɗa Bahaushe da Bamoshe da Bazabarme da Kotokoli da Wangara da Bafillace a zango guda, in mu ba mu kawo littafinsa ba, wa zai kawo? Kuma littattafan suna nan, ba sai an ƙirƙiro ba. Tun gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Bayansu ga Magana Jari Ce, littafi uku. Ga Iliya Ɗan Maiƙarfi, ga waƙoƙin Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aliyu Namangi, ga na marubutan Kano na baya irin su Balaraba Ramat Yakubu. Motoci na zuwa Kano suna dawowa kullum da kaya iri iri. Kwali guda na littattafai ne zai gagare mu?

Ban faɗi wannan da ka ba, na gwada. Bayan na mayar da mabuɗin nan raina a ɓace, sai na ɗauko tsohon Magana Jari Ce nawa, wanda bangonsa ya daɗe da rabuwa da shi, na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida bayan la'asar na kira jikokina na fara karanta musu labarin akun nan da ke ɗebe wa ɗan sarki kewa da labaru. Ran farko su kaɗai ne. Kafin mako ya zagayo tabarma ta yi kaɗan. Suna dariyar Hausar, suna cewa wannan irin ta mutanen Nijeriya ce, su tsai da ni su ce mene ne kaza, in gaya musu. Ba laifinsu ba ne, mu da a zango mace ma mukan ce mata ya zo ya tafi. Rana ta huɗu wata yarinya 'yar aji biyar, wadda uwarta ke cewa ba ta son karatu, ta ce in ba ta ta riƙe da kanta. Ta yi tuntuɓe a kan ƙ da ɗ da ɓ, na nuna mata sau biyu sau uku, sai ga ta tana tafiya. Abin da ya ba ta mamaki shi ne, a karo na farko tana karanta abu tana jin ma'anarsa tun kafin ta kai ƙarshen layi. Ba sai ta tsaya ta juya shi cikin kanta ba. Yaron da ya ɗanɗana wannan ya gane cewa cikin takarda akwai daɗi, kuma da wannan kwaɗayin zai shiga littafin Turanci. Wanda bai taɓa ɗanɗanawa ba, karatu a wurinsa bulala ne da jarrabawa, ran da ya gama makaranta ran nan ya yi sallama da littafi.

Ga waɗanda ke cewa labaru da waƙoƙi aikin banza ne, suna ɗauke hankalin yaro daga karatun addini, ina tambaya cikin ladabi: kun fi Alhaji Umaru na Kete-Karaci sanin addini? An haife shi a Kano, ya zauna Salaga, bayan yaƙin Salaga na 1892 ya koma Karaci ya yi limanci ya karantar har ya rasu a 1934. Wannan bawan Allah ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa a kan zuwan Nasara, da talauci da wadata, har da annobar murar nan ta 1918. A ƙasar nan ya rubuta su, don mutane irinmu. Haka Malam Shaihu, wanda ya rubuta tatsuniyoyi da al'adu da karin magana da ajami a nan ƙasar, Rattray ya buga su a Ingila a 1913 cikin littafi biyu. A shekarun 1960 mutanen Jami'ar Legon, irin su Ivor Wilks da Alhaji Usmanu Boyo, sun bi gari gari suna aron takardun malamanmu suna ɗaukar hotonsu, suna nan ajiye a can. Turawa sun zo daga Jamus da Folan sun yi nazarin Alhaji Umaru sun sami digiri. Jikokin almajiransa kuwa, ku tare goma a bakin masallaci ku tambaye su ko wane ne shi. Wani saurayi cikinmu da ke karatu a Legon ba zai iya neman izini ya kwafo mana ko waƙa biyu a ajiye a ɗakin karatu ba? Kuɗin wannan bai kai na lemon da aka sha ran biki ba.

Kuma ban ce a kori Turanci ba, don kada a juya mini magana. Na ce a sayo wanda yaro zai iya, wanda zai ga kansa a ciki. Meshack Asare ɗan ƙasar nan ne, littattafan yara yake rubutawa yana zana hotunansu, har ɗaya ya ci lambar Noma a 1982. Ga Efua Sutherland, ga Ama Ata Aidoo don manyan ɗalibai. Ga namu na gida, Mohammed Naseehu Ali, haifaffen Kumasi, wanda ya buga The Prophet of Zongo Street a Amurka a 2005, labarun mai shayi da malamai da 'yan unguwa irin waɗanda muke kwana muna tashi da su. Mutanen Amurka sun karanta labarin zango, 'yan zango suna zaune da littafin harajin Amurka. Haba jama'a!

Sauran magana ita ce ta ɗakin kansa da mai tsaronsa. Ɗakin nan namu benci biyu ne a ciki, taga guda, ƙwan lantarkin ya mutu tun bara. Yawancin yaranmu a gidajen haya suke, ɗaki guda mutum shida ko bakwai, ga rediyo ga talabijin ga kukan jariri. Abin da suka fi rashi shi ne wurin da za su zauna shiru da haske. Tabarma da benci da fitila mai aiki da hasken rana da kanta mai tsawon yaro, wadda aka ɗaga ƙafafunta daga ƙasa saboda gara, su ma kyauta ne, ko da yake ba su yin kyau a hoto kamar tulin kwalaye. Fiye da su duka kuwa, mutum. A Ankara, a 1990, wata mata 'yar Kanada, Kathy Knowles, ta fara da kwando guda na littattafai da yara shida a ƙarƙashin itace a gidanta, tana karanta musu. Daga nan abin ya girma har ya zama ɗakunan karatu, ɗaya yana Nima, cikin 'yan'uwanmu. Da kwando ta fara, amma tana zaune tare da yaran. Mu mun fara da kwalaye cike da mota, ba kowa a zaune.

Samari, kada ku yi murna ku ce yau an taɓa dattawa. Ku ne kuka ɗauki hotunan, ku ne kuka watsa su a WhatsApp kuna yabon kanku, kuma cikin damina biyu ban ji ɗayanku ya je ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce a ba shi mabuɗi ba. Da yawanku kun gama sakandare, waɗansu kun gama jami'a kuna jiran aiki, kuna kashe yamma a majalisar shayi kuna gardamar ƙwallon Ingila. Sa'a guda a mako, kowa da ranarsa, ta fi ƙarfinku? Kuma in an buɗe, a buɗe har da 'yan mata, a yanka musu lokacin da ba a tura su talla ko wanke-wanke ba, a sami mace babba ta zauna da su don hankalin iyaye ya kwanta.

Saboda haka ga abin da zan tashi in nema ran taro, ina faɗa tun yanzu don kada a ce na yi wa kowa kwanton ɓauna. A rubuta wa 'ya'yanmu takardar godiya, a gaya musu gaskiyar abin da ya sami kyautar farko, ba tare da ɓoye kome ba, a roƙe su kada su sake ɗoro kwalaye. Kuɗin da za su ba jirgi da wanda za mu ba fito, su aiko da shi, a haɗa, malaman makarantunmu na boko da na Islamiyya su zauna su rubuta sunayen littattafan da za a saya a nan da Kano, a karanta sunayen a gaban taro. A ware wani abu don gyaran ɗaki da ɗan alheri ga mai buɗewa kullum daga la'asar zuwa magariba. A yarda yaro ya ɗauki littafi ya kai gida mako guda, a rubuta sunansa da na gidansu cikin rajista. Waɗansu za su ɓace, na sani, waɗansu za su dawo da tabon miya. A sa wannan cikin lissafi tun farko kamar yadda mai shago ke sa fasassun ƙwai. Na cikin kabad kuwa a tace su, masu amfani a jera, na likitoci a kai wa masu koyon aikin asibiti, sauran a sayar wa masu ƙosai su naɗe kaya a sa kuɗin cikin asusu.

Ɗan'uwa mai takardar fitowar da ta wuce, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. In kana ganin na yi ƙari cikin abin da na faɗa, mabuɗi yana nan inda ka sani, ka karɓo mu shiga tare, ka zo da tsintsiya. In kuwa ba ka sami sukuni ba, ran Asabar bayan la'asar ina ƙofar gida da yaran, mun kai tsakiyar littafi na biyu, kuma muna neman wanda zai ara mana tabarma.